Rabin Maganar Likita da Na Kai Gida

'Yan'uwana, alheri da salama su tabbata a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, wanda ba a ɓoye masa komai.

Mafi yawanku kun san ni. Ni ne Haruna, wanda kuke kira Malam, dattijo a wannan ƙaramar ikkilisiya tamu ta masu jin Hausa a nan Zango. Shekara goma sha tara ina tsayawa a wannan wuri ina karanta muku Maganar Allah. Yau ban zo in koyar ba. Na roƙi Fasto ya ba ni wannan lokaci domin in faɗi abin da na aikata a ƙarshen shekarar da ta wuce, da abin da Ubangiji ya yi duk da haka. Kun ji cewa jikana Dauda ya kwanta a asibiti, kun yi addu'a, matanku sun kai abinci. Amma ba ku san wanda ya kwantar da shi ba. Ni ne.

Kafin in san Almasihu na yi karatun zaure shekara ashirin da 'yan kai, a Salaga inda aka haife ni, daga baya kuma a nan Kumasi. A can na koyi yadda ake auna magana da magana, da yadda idan shaidu biyu suka saɓa ake duba wadda ta fi ƙarfi a ba ta rinjaye. Ba na raina wannan ilimi, domin malamaina mutane ne masu tsoron Allah, kuma ba su koya mini shi don in yi abin da na yi da shi ba.

'Ya ɗaya Allah ya bar mini, Saratu, wadda take sayar da koko da ƙosai a bakin tasha. Mijinta direban lori ne, ya rasu a hanyar Tamale tana ɗauke da cikin Dauda. Kafin Dauda ta haifi ɗa namiji. A kwana na uku wani saurayin wanzami ya zo ya cire masa beli, kamar yadda ake yi wa kowane jariri a gidajenmu. Jinin bai tsaya ba. Yaron bai kai ranar suna ba. A lokacin duk muka ɗora laifin a kan hannun saurayin, muka ce bai ƙware ba. Da aka haifi Dauda, Saratu ta rantse aska ba za ta taɓa jikinsa ba, ko ta beli ko ta kaciya, kuma ban yi mata musu ba.

Yaron ya taso da wayo da surutu. Yakan ce mini in tsufa ya ishe ni in ba shi rawanina ya yi wa akuyarsa igiya, ni kuma in ce masa wanda bai iya ɗaure wandonsa ba ba ya gadon rawani. Amma jikinsa ba kamar na sauran yara ba ne. In ya faɗi a wasa, jini yakan kwanta a ƙarƙashin fatarsa ya yi baƙi kamar an doke shi da sanda. Haɓo yakan zo masa ya jiƙa tsumma biyu ko uku. Asuwaki ma uwarsa ta hana shi, saboda dasashinsa. Da damina ta ja baya a bara, ya yi wani haɓo da ya ɗauke shi tun hantsi har bayan azahar, sai Saratu ta ce in kai shi babban asibiti, domin ita ba ta iya barin tukunyarta, ni kuwa ina da lokaci kuma ina jin magana.

Likitan da muka samu saurayi ne, Batone, wato ɗan asalin ƙasar nan, mai natsuwa. Wata nas 'yar Dagomba mai jin Hausa ce take fassara tsakaninmu. Ya tambayi tarihin gidan, na faɗa masa labarin jaririn farko, sai na ga ya ajiye alƙalaminsa ya dube ni. Ya ce zai yi awo iri biyu.

Na farko, suka ɗebi jinin yaron suka kai wani ɗaki inda ake duba shi da madubin da ke nuna abin da ido ba ya gani. Likita ya bayyana mini cewa a cikin jinin kowane mutum akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyi, aikinsu shi ne in fata ta tsage su ruga wurin su manne da juna su toshe bakin raunin. Su za a ƙirga.

Na biyu a gabana aka yi shi. Ya zaunar da Dauda a kan cinyata, ya soki fatar kunnensa ta ƙasa da wani ɗan ƙarfe, suka kaɗan, bai kai tsagar da ake yi wa jarirai a kumatu ba. Ya ajiye agogonsa a kan tebur. Kowane rabin minti sai ya taɓa ɗigon jinin da gefen wata farar takarda mai shan ruwa, ya juya ta kaɗan, ya sake taɓawa. Nas ta ce mini a wurin yaro mai lafiya tabon yakan yi ta ƙanƙancewa, na biyu bai kai na farko ba, har ya ɓace. Na zuba ido. Tabon Dauda bai ƙanƙance ba. Na goma kamar na farko, na ashirin kamar na goma. Gefen takardar ya cika, aka ɗauko wata. Yaron yana ta tambayar nas ko za a ba shi agogon in an gama. Da aka wuce minti goma sha biyar sai likita ya daina ƙirga, ya danne wurin da auduga da yatsunsa biyu, ya daɗe a haka.

Bayan kwana biyu muka koma. Ya ce ƙidayar ƙwayoyin ta cika, daidai take da ta kowane yaro mai shekarunsa. Amma awon kunne ya nuna ba sa yin aikinsu: suna nan da yawansu, sai dai ba sa riƙe juna. Ya ce da wannan aka haifi yaron, kuma yana zaton da shi aka haifi wansa. Ba shi da maganin da zai kawar da shi. Abin da ya rage shi ne tsaro.

Ni kuwa, da halin mai karatu, na tambaye shi: da wane mizani ya san cewa jinin yaron ya yi jinkiri? Wa ya yanke cewa minti kaza ne iyaka? Mutumin nan bai ɓoye mini komai ba. Ya ce littattafan da suka koya da su galibi a jikin manya aka yi awonsu, a ƙasashen Turawa, kuma na yara bai gama tabbata a rubuce ba, balle na yaran ƙasarmu. Amma ya ce shi da kansa yakan yi wannan awo ga yara kafin a yi musu aiki, kuma bai taɓa ganin mai lafiya da ya wuce minti biyar ba. Sai ya juyo ya yi magana a hankali, nas tana bin sa kalma kalma:

"Papa, kada a yanka yaron nan. Ko kaciya, ko tsaga, ko ƙaho. In dole ne wata rana, a nan za a yi, da jini a ajiye kusa."

Na ce na ji.

'Yan'uwa, tsakanin asibitin nan da gidana ba nisa, amma kafin in kai ƙofa na riga na gama shari'ar a zuciyata. Na ce ga shaidu biyu. Ɗaya ƙidaya ce, an gani da ido an ƙirga, ba ta da shakka. Ɗayar kuwa mai ita da bakinsa ya yarda mizaninta na manya ne, na Turawa ne, bai tabbata ba. Wace ce za a ba rinjaye? Na tsara hujjar tsaf, kamar yadda na saba tsarawa a zaure ina saurayi, har na ji daɗin kyanta. Tabon jini talatin da na gani da idona a gefen takarda, waɗannan ban sa su cikin shaidu ba.

Da Saratu ta dawo ta tambaye ni, tun kafin ta sauke tukunya daga kanta. Na ce mata likita ya ƙirga jinin yaron ya ce daidai yake da na kowane yaro. Ban yi ƙarya a kalma ko ɗaya ba, kuma da wannan na yi ta lallashin kaina. Ta durƙusa a tsakar gida tana gode wa Yesu. Ina tsaye ina kallonta.

Me ya sa na yi haka? Na tambayi kaina sau da yawa, kuma amsar ba ta da kyau. Dauda ya shiga shekara ta bakwai. Yaran unguwa in suna wanka a bakin famfo suna kiransa da sunan da ba zan maimaita a ɗakin sujada ba. Yakan dawo yana kuka. Amma ba kukansa ne ya fi ci mini rai ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar manya. Waɗanda muka yi karatu tare, in na wuce, nakan ji ana cewa ga ƙarshen Haruna, ya bar hanya, har jikansa ya bari kamar ɗan da ba shi da asali. Shekara da shekaru na jure a ƙi amsa sallamata saboda sunan Almasihu, na ɗauke shi abin fahariya. Wannan ɗaya kuwa na kasa jurewa. Ni ne na sha tsayawa a nan ina koya muku cewa kaciyar da Allah yake dubawa ta zuciya ce. Na koyar da shi, ban gaskata shi ba.

Sai dokar nan ta fito, wadda duk kun sani, cewa baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Ba sai na faɗa muku yadda Zango ta zama ba. Kun ga kujerun nan da babu kowa a kansu yau. Mutumin da ya shekara arba'in a gida ɗaya yana ɗaure tabarmarsa, bai san kowa ba a garin da aka ce nasa ne. Kuma ga azumi ya kama.

A cikin masu tafiya akwai Mamman Wanzam. Tsoho ne sa'ana, mutumin Sakkwato, shi yake yi mini aski tun ina da baƙin gashi. Lokacin da na karɓi baftisma kowa ya janye, shi kaɗai ya ci gaba da zuwa ranar Alhamis da zabirarsa. Yakan ce shi kai yake askewa, abin da ke cikin kan ba ruwansa. Da ya tabbata zai tafi, iyayen yara suka taru suka ce ya yi wa 'ya'yansu kaciya kafin ya tashi, ko da ba lokacinta ba ne, domin ba wanda ya san hannun da zai rage a Zango bayansa. Yara shida aka tara a gidan maƙwabcinmu.

Na je na same shi yana wasa aska. Na ce ya ƙara da na bakwai.

Ya daina wasawa. Ya ce, "Malam, ba wannan ne ƙanen wancan jaririn ba?"

Na ce shi ne, amma wancan hannun yaro ne ya yi, wannan kuwa hannun Mamman ne, wanda bai taɓa rasa ɗa ba.

"Bar zuga ni, tsohon banza, na fi ka sanin hannuna. Na ga ƙafafun yaron nan, duk tabo. Ka kai shi wurin masu farar riga?"

Na ce na kai shi, sun ƙirga jininsa, sun ce ya cika.

Ya dube ni ya daɗe. Sa'an nan ya ce tun da Malam ne ya faɗa, shi ke nan, domin a shekara talatin bai taɓa kama ni da ƙarya ba.

Saratu ta yi gardama kwana biyu. Na rinjaye ta da maganar likita, wato rabin da na kawo, da hawayen ɗanta, wanda ya ji an ce za a ba 'yan kaciya kaza guda guda, yana ta roƙo kada a bar shi a baya.

Ranar Talata da sassafe aka yi. Dauda bai yi kuka sosai ba. Mamman ya barbaɗa garin bagaruwa ya ɗaure, ya yi masa kirari ya ce ya fi kakansa jarumtaka. Yara shida suka zauna a jere a kan tabarma, kafin rana ta ɗaga nasu ya bushe, suna faɗa a kan cinyar kaza. Na Dauda yana tsattsafowa. Ba zuba yake yi ba, tsattsafowa kawai, a hankali, ba hutawa. Mamman ya kwance ya sake ɗaurewa. Ya ƙona tsumma ya sa tokar. Ya danne da hannunsa har yatsunsa suka sandare. Da azahar zane na uku ya jiƙe. Yaron ya daina surutu, ya ce ƙishirwa yake ji, leɓunansa suka yi fari.

Mamman ya ɗago kai ya ce, "Haruna." Bai taɓa kirana da sunana tsirara ba sai ran nan. "Me masu farar riga suka ce maka? Duka."

Ya duba fuskata. Ya gane.

Muka sa shi a tasi, Saratu tana rungume da shi, jinin yana ratsa zanenta. A asibiti likitan nan ne ya fito. Ya buɗe zanen ya duba, sa'an nan ya dube ni. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya juya ga Saratu ya tambaye ta, ta bakin nas, ko ba a gaya mata abin da ya ce ba. Ta ce an gaya mata, an ce jinin daidai yake. Nas ta buɗe baki za ta fassara, sai ta juyo ta dube ni.

Suka ɗinke abin da za a iya ɗinkewa, suka danne. Likita ya ce jinin da ke ajiye a asibiti ba zai wadatar ba, domin ƙwayoyin nan ba sa daɗewa da rai a kwalba. Sai sabon jini, wanda aka ɗiba yanzu daga jikin mutum. Saratu ta ba da nata, aka ƙara masa, ya ɗan farfaɗo. Na miƙa hannuna, suka ce na tsufa kuma nawa bai dace da nasa ba. Ko wannan ban isa in ba shi ba.

Washegari tsattsafowar ta ci gaba. Abin da aka zuba masa yana fita ta inda na sa aka buɗe. Saratu ta ce a sake ɗibar nata, suka ƙi, domin ita ma tana tangaɗi. Fasto ya zagaya gidajenku, amma kun tuna yadda makon nan yake: rabin mazan ikkilisiya suna tasha suna neman lori, rabi sun ɓuya a ƙauyuka. Mutum biyu suka zo, nasu bai dace ba.

Ranar Alhamis da hantsi na shiga na gan shi. Ya zama kamar takarda. Idonsa a buɗe amma bai bi ni da kallo ba. Na kira shi da sunan wasan da nake kiransa, mai gadon rawani, bai motsa ba. Likita ya ce in ba a sami jini a yinin nan ba, kada mu sa rai da gobe.

Na fito baranda. Saratu tana zaune a ƙasa ta jingina da bango. Na durƙusa a gabanta, ni mahaifinta, na faɗa mata duka: kunnen, da agogon, da takardar, da gargaɗin likita kalma kalma, da abin da ya sa na ɓoye. Ba ta yi kuka ba. Ta ce:

"Baba, ka bar ni na durƙusa na gode wa Yesu a kan abin da ka san ba haka ba ne."

Ta tashi ta koma wurin ɗanta.

Na so in yi addu'a, 'yan'uwa, sai na tarar ba ni da ita. Ni da na haddace addu'o'i cikin harshe uku, ni da ake kira in buɗe taro in rufe taro. Duk wadda na ɗauko sai in ji ina tsara ta, ina gyara ta, ina kawo hujja, kamar ina so in rinjayi Allah yadda na rinjayi 'yata da abokina. Na tuna Ibrahim, wanda Allah ya umarta ya ɗaga wuƙa kuma Allah ya tsayar da hannunsa. Ni ba wanda ya umarce ni. An ma aiko mini da mai tsayar da hannu, sanye da farar riga, na ƙi ji. Da wane baki zan roƙa?

Na kifa goshina a kan simintin barandar, mutane suna wucewa suna tsallake ƙafafuna. Abin da ya fito daga bakina ke nan, ba ƙari: Yesu, ni na yi. Ba ni da hujja. Kada ka duba ni, ka duba yaron.

Ban ji murya ba, ban ga haske ba, zuciyata ba ta yi sanyi ba. Na zauna a wurin ina jiran a fito a ce mini ya cika.

Wajen azahar na ji takun mutane da yawa. Mamman Wanzam ne a gaba. A safiyar nan ce lorinsu za ta tashi, kayansa suna kanta. Ya bar ta ta tafi da su. Ya bi rumfunan goro ɗaya bayan ɗaya, ya tattaro masu dako, ƙarti tara, Zabarmawa da Mosawa, waɗansu da ƙunshin tafiyarsu a hannu. Bai dube ni ba. Ya ce da nas ga jini nan ya kawo.

Amma mutanen suka tsaya a bakin ƙofa suna ƙus-ƙus. Duka suna azumi. Babbansu, wani mai suna Isaka, ya matso ya ce sun ji an ce in an ɗebi jinin mutum azuminsa ya karye, kuma ƙarfinsa ba ya dawowa. Sun nemi malamin da za su tambaya, malaman unguwarsu duk sun tashi. Mamman ya nuna ni da haɓarsa ya ce wancan ya yi karatu, ko da ya ɓata.

Isaka ya tsuguna a gabana ya ce, "Malam, faɗa mana gaskiya. Yana karya ko ba ya karya?"

Ku duba irin gwajin da Ubangiji ya ajiye mini. Ran jikana yana rataye a kan amsar, kuma na san amsar tana da rabi biyu. Na san rabin da zai sa su shiga da gudu. Bakina ya riga ya fara shirya shi.

Na ce masa, a karatun da na yi, fitar da jini ta wannan hanya ba ya karya azumi. Amma malamai sun ƙi shi ga mai azumin da ake tsoron zai raunana har ya kai ga shan ruwa. Na ce ku kuwa masu aikin ƙarfi ne, ba ku ci komai ba tun asuba, ga doguwar tafiya a gabanku a bayan lori, cikin rana. Mai yiwuwa ne waninku ya yi jiri ya faɗi. Ƙarfin yakan dawo, amma ba yau ba. Na ce kuma ku sani, yaron nan ba ƙaddara ce kawai ta kwantar da shi ba, ni ne, an gargaɗe ni na ɓoye. Wanda ya juya ya tafi ba shi da laifi a wurin kowa.

Biyu suka ɗauki ƙunshinsu suka fita, kuma har yau ban ga laifinsu ba. Isaka ya miƙe ya karkaɗe gwiwarsa ya ce, "To, yaro ne ya ɓoye? Ina ɗakin?"

Cikin bakwai ɗin, na mutum uku ya dace. Aka ƙara masa na farko da ɗuminsa, aka bi da na biyu da la'asar, na uku washegari. Ranar Juma'a da rana likita ya kwance ɗaurin ya duba, ya mayar, ya jira, ya sake dubawa. Audugar tana nan fara. Ya ce da nas ta gaya wa uwar yaron ya tsaya.

Ubangiji ya ji! Ba domin addu'ata ta yi kyau ba, domin ba ta yi ba. Ya aiko da ceto ta hannun mutanen da ake kora daga ƙasa, masu azumi, waɗanda ban san sunan shida daga cikinsu ba, kuma ba zan ƙara ganinsu ba a duniyar nan.

Mamman ya sami wata lori ranar Asabar. Na bi shi tasha na roƙe shi gafara. Ya ce ya shekara hamsin yana riƙe aska, ya so ya ajiye ta da hannu mai tsabta. Ya ce ya yafe, domin ba ya so ya hau hanya da nauyi, amma kada in tambaye shi ya manta. Ya hau. Har yau ba wasiƙa, ban san ko ya isa ba.

Kada ku ɗauka labarin ya ƙare da daɗi. Dauda yana da rai, amma bai warke ba, kuma likita ya ce ba zai warke ba. Saratu ta ɗauke shi sun koma unguwar Krofrom wurin dangin mijinta. Tana gaishe ni in mun haɗu, gaisuwar da ake yi wa dattijon unguwa. Ta yarda in je in gan shi ranar Lahadi bayan sujada, a gabanta. Duk abin da likita zai faɗa yanzu, ita take zuwa ta ji da kunnenta, kuma daidai ne. Na gaya wa Fasto in ikkilisiya ta ga ban cancanci kujerar dattijo ba, ba zan yi jayayya ba.

Lahadin da ta wuce na je. Yaron ya rugo ya buɗe baki ya nuna mini haƙorinsa na gaba, yana turawa da harshe, yana murna. Haƙorin ya fara girgiɗa. Kowane yaro yana fidda haƙoran nono, uwarsa ta yi dariya a jefa a kan rufin ɗaki. A wurinmu kuwa, likita ya ce ranar da zai fita sai a asibiti, kuma sai da mutane a kusa waɗanda jininsu ya dace. Haƙoran nan ashirin ne. Wannan na farko.

Saboda haka ina gode wa Yesu Almasihu, wanda ya bar mini jikana a lokacin da na cancanci in binne shi, ina kuma roƙonku ku dogara gare shi, ku da kuke da abin da kuka ɓoye, tun kafin ya fito da jini. Ya karɓi addu'ar mutum kamar ni. Ba zai ƙi taku ba.

Ina da roƙo ɗaya bayan wannan. Ranar Laraba da safe nas za ta jira a asibiti domin ta gwada jinin duk wanda ya zo, a san wanda za a kira. Waɗanda suka ba da nasu a bara sun haye iyaka. Ku ne kuka rage. Zan faɗa muku duka: allurar tana da zafi, za ku rasa aikin rabin yini, mai yiwuwa a kira ku fiye da sau ɗaya, kuma wanda yake roƙonku bai cancanta ba. Saratu za ta kasance a bakin ƙofa. Ku zo saboda ita da ɗanta, cikin sunan Yesu. Amin.